Kafiretar Motar Kaikai

Malam Ɗalha makanike ne a Kankia, garejinsa gindin wata tsohuwar darbejiya a bayan tasha. Gajere ne, ga furfura, kuma duk yadda ya wanke hannu don alwala sai ka ga baƙin mai a ƙasan faratansa. Ba ya taɓa gyara mota sai ya fara sauraronta. Ya buɗe bonet, ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai jin karatu, sannan ya ɗauki sifana. A kusurwar rumfarsa akwai wani buhu cike da tsofaffin kafireta, ƙarfen nan da ke haɗa fetur da iska ya ba inji. Motocin yanzu ba su amfani da ita, amma Ɗalha bai yarda a jefar da ko ɗaya ba.

Amininsa shi ne Lawal Direba, mutumin ƙauyen Kaikai, mai wata tsohuwar Landiroba koriya wadda ta girmi yawancin fasinjojinta. Idan damina ta yi nisa, hanya ta jagwalgwale, ita ce ke iya ratsa laka da yashi ta fito da mutane da hatsi da marasa lafiya. Tana da wata ɗabi'a: in ta fito daga yashin rafi za ta hau tudu, sai ta yi tari, sannan ta biyo da wani siririn fito. Wannan tarin ya daɗe yana ci wa Ɗalha rai.

"Lawal, bar ni in raba ta da wanga tari," in ji shi. "Mutane na cewa ni ke duba ta, kana kunyata ni."

Lawal ya yi dariya ya ce, "Gyara komi, ka bar mani tarina. Kai ma ai kana yi da safe, wa ya canza ka?"

Da ciwon ajali ya kama Lawal, motar ta riga shi kwanciya, kafiretar na zubar da mai. Ɗalha ya je gaishe shi, Lawal ya riƙe hannunsa ya ce, "Amana, Ɗalha. Kar ruwa ya sauka mutanen Kaikai ba su da mota." Ɗalha ya ce ya ɗauka. Allah ya yi wa Lawal rasuwa da bazara, aka jawo motar zuwa Kankia, aka ce ɗansa Ashiru, wanda shi ma magidanci ne, zai ci gaba da tuƙa ta.

Ɗalha ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera kafireta. Ga ta motar, ta yi baƙi ƙirin, ko'ina tsiyaya. Ga waɗanda ya zazzage daga buhunsa, wata ba murfi, wata ta tsage. Yana cikin jujjuya su sai ga Okon, mai shagon kayan mota, wanda ya zo daga Kudu tun yana saurayi har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya ajiye wata a gabansa, an ciro ta daga irin motar, kusan sabuwa.

"Baba Ɗalha, daina wahalar da idonka. Wannan wanki kawai take so. Waccan ta Lawal ko akuya ba za ta shinshina ta ba."

Ɗalha ya ɗaga ta ya duba a rana, ya hura, ya gwada ƙarfenta da yatsa. Gaskiya ba ta da aibu. Ya ce a ransa ga ranar da zai yi wa amininsa aikin da ya hana shi yi yana raye. Ya wanke ta da kalanzir, ya ɗaura, ya tayar. Injin ya kama luf, ba tari ba fito. Har ya kira masu shayi su zo su ji.

Ranar kasuwa ya shiga gaba, Ashiru na tuƙi, suka nufi Kaikai. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, manoma na ta sharar gona. Motar ta ratsa yashi ta hau tudu shiru kamar mai sanɗa. Suka tsaya inda Lawal ke tsayawa. Ba kowa. Ashiru ya danna ham, kaji suka watse, wani tsoho ya ɗago kai ya mayar. Suka jira har rana ta ɗaga. Daga baya suka ji cewa mata sun ɗaure kayansu tun safe suna zaune cikin gida, wata mai ciki ma da za a kai awo ta gaji an ɗora ta a babur.

Suka shiga gaida Kubura, matar marigayi, tana takaba. Daga bayan labule ta amsa gaisuwa, ta ce, "Malam Ɗalha, har yanzu motar ba ta tashi ba?"

"Ai ga ta nan ƙofar gida, Hajiya. Da ita muka zo."

Ta ce, "To ba mu ji ta ba. Mu da ke cikin gida ba hanya muke gani ba. Ham kuwa kowane babur na da shi. Tarin nan muke jira. Tun tana rafi za ka ji mata na cewa a fitar da buhu, a ɗauko mayafi. Ni ma da shi nake sanin in dama wa maigida fura."

Ɗalha ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Shekara da shekaru yana ɗaukar abin taurin kai ne irin na Lawal.

Da suka koma Kankia ya kwance kafiretar Okon, ya goge ta, ya mayar masa. Okon ya riƙe baki. "Baba, lafiyayya ka cire za ka sa mai ciwo?"

"Lafiyayyar ba ta iya sallama ba," in ji Ɗalha. "Kawo mani kwali mai kauri, in kana da shi."

Ya warware tsohuwar a kan faranti, ɗaya bayan ɗaya. Ciki duk hannun Lawal ne: nan ya toshe da sabulu, can ya ɗaure da zaren buhu, wani wuri har da guntun robar silifa. Ɗalha na cirewa yana faɗa shi kaɗai, "Kai, Lawal, Allah ya jiƙanka, wanga ai zalunci ne." Ya yanka sabon kwali ya sa a mahaɗar, ya hure ƴan ramukan da mai ke bi, ya ɗauko abin da ke tare mai in ya cika daga wata ta cikin buhu. Tsiyaya ta tsaya. Sai ya zo kan sandar da ke buɗe maƙogwaronta. Ta cinye ta gefe, nan iska ke kurɗawa, nan tari da fiton suke. Yana da wata lafiyayya a hannu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya mayar da cinyayyar, ya jefa ɗayar cikin buhu. Bai taɓa barin aibu a mota da gangan ba sai ranar.

An yi ruwan shuka kafin kasuwa ta zagayo. Suka sake kama hanya, taya na feshin laka. Da suka fito daga rafi Ashiru ya taka totur, motar ta yi tari, ta biyo da fitonta. Kafin su kai wurin tsayawa an fara fito da buhuna, wata tsohuwa na jan akuya tana cewa a jira ta, ga mai cikin nan mijinta na riƙe da jakarta.

Ana cikin lodi sai ga matar Ashiru da ƙwaryar fura an rufe da faifai. Ta durƙusa ta ce, "Baba, in ji Inna. Ta ce tana jin tarin sai ta ga ta miƙe ta dama, ba ta tuna ba. Ta ce ka sha."

Ɗalha ya karɓa da hannu biyu, ya zauna a kan matakin motar ya yi bisimilla. Ashiru ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, kar a ce kai ke duba ta, ko?"

"A ce," in ji Ɗalha. "Kowa ya tambaya, ka ce aikina ne."