Zagaye na Sha Uku

A ranar, Ustaz bai zauna a kan matakala ba. Ya hawo benen da gudu, abin da ban taɓa jin ya yi ba, ya bugi ƙofar da tafin hannu ya ce, "Takardar, ya binti, yalla, miƙo." Na tura masa ita ta ƙarƙashin ƙofa. Sai da na ji ƙarar takalminsa ta sauka har ƙasa, sannan na gane abin da na yi. Ban taɓa barin takardata ta fita daga ɗakin nan ba.

Filin tsere ne ƙarami, can bayan Khumra a gefen Jidda, inda ɗakunan ajiyar kaya suka ƙare, rairayi ya fara. Na kafilin Babana ne, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, shi da garejin da ke jikinsa. Kowace Alhamis da la'asar 'ya'yan manya sukan zo su yi tsere da ƙananan motoci marasa rufi, masu bin ƙasa kamar ƙadangaru. Baba ne babban makaniken wurin, kuma ranar tsere shi ke riƙe tuta a kwanar ƙarshe. Ustaz shi ne magatakarda. Aikinsa ya rubuta lambar kowace mota idan ta wuce layi, zagaye bayan zagaye, ya sa hannu, ya miƙa wa kwamitin alƙalai. To amma idonsa ya fara mutuwa, ba ya kuma son a sani.

A shekarar na gama sakandare, ina zaune a gida a unguwar Ammariyya ina wanke tukwanen da na riga na wanke. Baba ya ce wa Ustaz yana da yarinya mai saurin hannu. Kafili ya ji, ya kau da kai, ka san irin kau da kan da ke nufin an yarda. Aka ba ni wani ɗaki a saman gareji mai taga da baƙin gilashi, ina ganin kowa, babu mai ganina. Idan an gama, Ustaz ya zauna a kan matakala, ni ina bayan ƙofa ina karanto masa lambobi, yana rubutawa da hannunsa. Yakan ce, "A hankali, ya binti, ni ba mota ba ne." Bayan nan sai in yayyaga tawa in zuba a jakata. Wata bakwai muna haka.

Akwai doka ɗaya da ko ni da ke leƙe ta taga na haddace: idan tuta rawaya tana sama, babu mai wuce wani. Ni kuma sai na ƙirƙiro dabarata, duk lokacin da Baba ya ɗaga rawayar, in ja layi a takarda, idan ya sauke in ja wani. Tsakanin layukan nan biyu jerin lambobi bai kamata ya canza ba.

Ranar tseren kofi ne. Mota mai lamba bakwai ta ɗan kafili ce. Mai lamba sha biyu ta ɗan wani likita ce, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai hular kwanonsa fara. A zagaye na sha uku, sha biyu ce gaba, bakwai na binta. Wata mota ta juye a rairayi, Baba ya ɗaga rawaya, na ja layi. Da suka zagayo, bakwai ce gaba. A gaban Baba ya wuce, tutar tana kaɗawa a saman kansa. Bayan an sauke tuta, sha biyu ya nemi ƙwace wurinsa, suka gogi juna a kwana. Kwamiti, wanda kafili ne shugabansa, ya ce sha biyu ne da laifin gugar, aka mayar da shi baya, kofi ya tafi ga bakwai. Hayaniyar da ta tashi ke nan, ita ta ruɗa Ustaz ya hawo da gudu.

A mota, kan hanyar gida, Baba bai kunna rediyo ba. Mun wuce gadar farko kafin na iya magana.

"Baba, na yi rubutu a gefen takardar."

"Lambobi ai."

"A'a. Magana. Na rubuta, bakwai ya wuce rawaya na sama."

"Da Larabci?"

"Da Hausa. Haruffan ne na Larabci."

Ni ban ma san lokacin da na rubuta ba. Haka nake yi tun a makaranta, idan abu ya ɓata mini rai sai in rubuta shi da Hausa a gefen littafi, don babu malamar da za ta gane. Baba bai ɗauke ido daga titi ba. Can ya ce, "Mamana, a duk filin nan Bahaushe nawa ne?" Mamana yake ce mini, don sunan uwarsa aka sa mini. Shi kaɗai ne, kuma kowa ya san yana can kwanar ƙarshe riƙe da tuta, ba ya riƙe da fensir.

Iƙamata, wato katin izinin zamana, a jikin ta Baba take, kuma a rubuce yake ƙuru-ƙuru cewa ba a yarda in yi aiki ba. Ta Baba kuwa a hannun kafili take. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi Baba. Kakana ne ya taho daga Damagaram a ƙafa don aikin Hajji, bai koma ba. Ƙasar da ke rubuce a fasfona ban taɓa ganinta ba ko a mafarki. Idan aka kama mutum da aikin da ba a ba shi izini ba, an san inda maganar ke ƙarewa: gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi.

Ran Asabar aka kira Baba ofis. Likitan ya ga takardar a kan teburin kwamiti tun ranar tseren, ya ga layukana, ya ga rubutun da haruffansa ya sani amma harshensa bai sani ba. Suka miƙa wa Baba don ya karanta musu. Ya ce shi ba ya karatu sai da tabarau, kuma tabaran ya fashe. Likitan ya ce shi ba faɗa ya zo yi ba, abu ɗaya yake so: a kawo wanda ya rubuta takardar nan ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi abin da ya gani. In ba haka ba zai kai ƙara hukumar da ke saman su, su su nemo mai rubutun.

Mutumin yana da gaskiya. Na san haka a lokacin, na kuma san da gaskiyarsa za a ɗaure ni.

Kwanakin da suka biyo baya ba na iya jera su. Ban yi kuka ba. Ina cin abinci idan an ajiye mini, ina salla idan an kira. Idan mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ga cokali a ƙasa ban san ya faɗi ba. Umma ta fara sauko da akwatuna daga saman kabad, wai ƙura za ta goge.

"Ke kam kin gama da mu," in ji ta, tana goge akwatin da ba shi da ƙura. "'Ya'yan mutane na rubuta wasiƙar soyayya a ɓoye, ke kin tashi kin rubuta wa gwamnati rahoto. Da Hausarki da ko gaisuwar tsofaffi ba ta kai ba!"

Ta yi dariya, ta dube ni ko zan taya ta. Da ta ga ban motsa ba sai ta zauna a kan akwatin ta ce, "A Damagaram ma mutane ne, ya binti. Suna cin abinci."

Baba yana son kallon manyan tsere na ƙasashen waje a talabijin ɗin gareji, yakan dawo gida yana faɗa da alƙalan da ba su san da shi ba, wai sai sun duba fentin mota kafin su yanke hukunci. A makon nan ko sau ɗaya bai ambaci tsere ba. Na tambaye shi, "Baba, ai kai ma ka gani. A gabanka ne." Ya ce, "Ni tuta aka ba ni in ɗaga. Na ɗaga."

Ran Talata da hantsi Ustaz ya zo gidanmu, abin da bai taɓa yi ba. Baba ya shimfiɗa masa darduma a tsakar falo, ni ina bayan labule, Umma ta kawo shayi ta koma kicin ta bar ƙofa a buɗe. Ya zo da sabuwar takarda fara, da kwafin tawa da kafili ya ba shi. Ya yi bayani a hankali, kamar yana karanta wa yara darasi. Dokar kwamiti ta ce takardar da babu sa hannun magatakarda a kanta ba hujja ba ce, tarkace ce kawai. Saboda haka takardar gaskiya ba a riga an miƙa ta ba, ita ce za a rubuta yanzu. Idan ta shiga, babu dalilin neman wanda ya yi tarkacen.

"Kamar kullum, ya binti," ya ce. "Ke karanta, ni in rubuta. A hankali dai, ni ba mota ba ne."

Babu wanda ya yi dariya. Ya turo kwafin ta ƙarƙashin labule. Rubutuna ne, har da wurin da fensir ya karye na fiƙe shi da haƙori. Na fara. Zagaye na ɗaya, na biyu. Motoci tara ne, ina faɗar lambobi yana maimaitawa, alƙalaminsa yana ƙara a kan takarda. Muryata ta fito daidai, kamar ta wata yarinya a ɗakin maƙwabta.

Na gama zagaye na sha biyu. Alƙalamin ya tsaya.

"Na sha uku," in ji Ustaz. "Ki duba da kyau. Fensir ne, wani lokaci yakan dushe."

Bai dushe ba. Sha biyu, bakwai, ga layina a ƙasansu. Idan bakwai ce gaba tun kafin a ɗaga rawaya, to babu wanda ya wuce wani, babu laifi, babu magana. Babu wanda ya faɗa mini haka, ba a kuma buƙatar a faɗa. Ta gefen labule ina ganin ƙafar Baba, babban yatsansa mai baƙin farce da injin ya taɓa faɗowa a kai. A kicin Umma ta daina motsi da kwanuka.

Na ce, "Bakwai. Sha biyu."

"Bakwai, sha biyu," Ustaz ya maimaita, ya rubuta.

Na ci gaba har zagaye na ƙarshe. Ya sa hannu, ya hura tawadar, ya shanye shayinsa da ya huce. A bakin ƙofa na ji yana ce wa Baba, "Allah ya sani, ya ammi, ni ma ina da 'ya'ya." Baba ya girme shi da kaɗan ne, ban taɓa jin ya kira shi ammi, wato baffa, ba sai ranar. Daga baya na yi ta tunani, ai zai iya juya lambobin nan biyu da kansa ba tare da ni ba. Ina jin so aka yi bakina ya shiga ciki, don kada wata rana ya buɗu.

Kwamiti ya zauna ran Laraba da safe. Na wuni a zaune gefen gado da abayata a jiki, takalmi a ƙafa, don na taɓa jin an ce idan suka zo ba sa jira mutum ya shirya. Umma ta leƙo sau biyu ta ce in cire, zafi ake yi. Ban cire ba.

Bayan azahar na ji makullin Baba. Ya shigo bai wanke hannu ba, ya tsaya a ƙofar ɗakina. Ya zaro wata takarda a naɗe daga aljihu ya ajiye a kan gado. Tawa ce, ta ainihin, an ninke ta huɗu, da tabon shayi a gefe.

"Halas, an gama, Mamana," ya ce. "An karɓi ta Ustaz. Babu sunanki a ko'ina. Babu mai zuwa."

Umma daga bayansa ta fara hamdala da ƙarfi, tana shafa fuska. Na jira in ji wani abu ya kwance a ƙirjina. Na jira sosai.

"Sha biyu fa?" na ce.

"An hana shi tsere har ƙarshen shekara. Wai ubansa ya zargi kwamiti ba hujja." Ya dubi hannuwansa. "Yaron ya zo gareji ya kwashe kayansa. Ya gaishe ni ma. Ya ce, ya ammi, na san ka ɗaga tutar."

Na buɗe takardar. Rubutun yana nan a gefe, ƙanana, a karkace, kamar yadda na bar shi. Umma ta ce in tashi in cire abayar nan in zo in taya ta mayar da akwatuna sama. Na sunkuya na fara kwance takalmina.