Amyar Arziki ta Ƙarshe

Arziki ya fi shekara arba'in yana rataye amya a itatuwan bakin tabkin Madarumfa. Da hannunsa yake saƙa ta da gamba, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta yadda ubansa ya koya masa. A da amyarsa goma sha biyu ce. Tun da masu garka suka fara feshin maganin ƙwari, ƙudan zumansa ke ta ƙarewa, har bana saura amya guda, a reshen wani gawo.

Wata safiya a tsakiyar ɗari ya je ya tarar da ita shiru. Ba mai shiga, ba mai fita. Ƙudaje biyar ko shida na kwance a ƙasa, ƙafafu a naɗe.

Li'azaru, maƙwabcinsa mai garkar tumatir, ya ajiye bokiti ya matso.

"Baba, sun mutu. Jiya Anas, mai garkar can gefe, ya yi feshi. Buɗe ka kwashe zuman kafin kiyashi ya riga ka."

Arziki ya ɗaga kai ya dubi amyar. Ya san in sanyi ya tsananta, ƙudan kan dunƙule wuri ɗaya, uwarsu a tsakiya, suna karkarwa don su ɗumama juna, suna cin zuman da suka tara. In ya cire murfin alhali suna raye, iskar tabki za ta gama da su. In kuwa maganin ne, jira ba shi da amfani.

Ya hau tsani ya kara kunne, amma kunnen ya tsufa. Ya dafa jikin amyar, tafinsa ya ƙage da sanyi, bai ji komai ba.

Li'azaru har ya zaro wuƙa. "Sauko in yanke maka igiyar murfin."

"Dakata, ɗan nan."

Tsohon ya sauko, ya tsinci ƙuda ɗaya, ya rufe shi a tafi yana hura masa numfashi.

"Gawa kake yi wa tofi, Baba?"

"Kai dai mai da wuƙarka."

Ya hura, ya sake hurawa. Shiru. Li'azaru ya ɗora ƙafa a tsani, ya taka na biyu, ya miƙa hannu ga igiyar.

Sai Arziki ya ji wani abu ya motsa tsakanin yatsunsa, zafin harbi ya biyo baya. Ya buɗe hannun a hankali ya nuna masa.

"Sanyi ne. Sauko. Ka ara mini tsohuwar zanar nan taka mu tare masu iska."