Idon da Noeline Ta Yi Ta Rufewa

"...na hagu, Noeline, na hagu za ki rufe! Wayyo jama'a, ta sake kashe tudu!"

Ihun da ake yi ke nan a gidanmu duk ranar da dangi suka taru gashin rago, kuma mai ihun ni ne, yayanta. A bayan rumfar askin tumaki ake jera gwangwanaye, inda tudu yake tare harsashi. Kowa ya harba ya kayar da nasa. Noeline kuwa, tun tana shekara goma sha biyu da Baba ya ɗora mata tsohuwar bindigarsa a kafaɗa, gwangwani bai taɓa jin tsoronta ba. Kawu Alby, ƙanin babanmu, shi ya raɗa mata Uwar Zomaye. Wai duk zomon da yake son tsufa lafiya, ya je ya zauna daidai inda ta auna.

To a nan karkararmu ta Mallee, wannan suna ba ya wankuwa. Matar nan fa tana tuƙa motar alkama lokacin girbi, tana shiga ƙofar shinge da baya da tirela ko fenti ba ta gogewa. Ta raini 'ya'ya biyu, ta yi jinyar Mama shekara huɗu. Amma in ta shiga gidan waya, abin da za ta ji shi ne, "Uwar Zomaye, ya yaran naki?" Sai ta yi dariyar yaƙe, ta dawo mota ta kama hanyar gida. Shekara talatin da biyu tana wannan dariyar.

Bara ta dasa itatuwan almon a bayan gida, zomaye suka bi su suka gaigaye ɓawon kamar an gayyace su. Ranar ta ce za ta sayi bindigar kanta.

Shawara ta zo kamar ruwan sama. Kawu Alby ya ce, "Sayi mai ƙara sosai, 'yata. In harsashi bai same su ba, zuciya ta buga musu." Mijinta Clarrie ya ce ta sayi kare. Ni na ce mai nauyi, don hannu ya daina rawa, kuma na raka ta shagon bindigogi a birnin Mildura don kada a cuce ta.

Mai shagon wata tsohuwa ce, Dulcie. Ba ta ma taɓa bindiga ba. Ta ce, "Miƙe hannuwanki, ki haɗa su ki bar 'yar kafa a tsakiya. Kalli agogon can ta kafar. To jawo hannun zuwa fuskarki a hankali."

Noeline ta jawo. Kafar ta sauka a idon hagu.

Dulcie ta ce, "Hannunki na dama ne, amma idonki mai aiki na hagu ne. Wa ya koya miki harbi?"

"Yayana."

"Wane ido ya ce ki rufe?"

Ni a lokacin wasu takalma nake dubawa a can lungu, masu kyau ƙwarai.

Noeline ta bi bindigogin ɗaya bayan ɗaya tana ɗorawa a kafaɗar hagu. Ta ajiye mai ƙarar, ta ajiye mai nauyin. Ta ɗauki 'yar ƙarama, wadda ake kira ashirin da biyu, irin ta kowa, sai dai sakatar da ake ja a ɗana harsashi tana gefen hagu, gindin kuma gajere ne daidai tsawon hannunta. Dulcie ta ce a taku hamsin wannan ta ishi zomo, ta ishi takarda, kuma ba ta tayar da maƙwabta.

Sai jiran takardar izini, kwana ashirin da takwas. Ta cinye su tana auna tsintsiya a kafaɗar hagu. Kawu Alby ya gan ta, ya ce madalla, a ƙarshe ta samu makamin da ya dace da ita.

Da bindiga ta iso, zomaye suka fara faɗuwa. Kawu ya ce Clarrie ne yake harbe mata. Clarrie ya rantse. Kawu ya ce to cuta ce ta shigo musu. Shi ya sa Noeline ta rubuta sunanta a gasar ƙungiyar harbi ta garinmu: harsashi biyar, takarda ɗaya, gaban kowa. Kofin gasar kuwa yana hannun Kawu, shi ya ci bara.

Ta harba biyar ɗin, aka ɗauko takarda. Huji ɗaya ne, a tsakiya, bakinsa ya ɗan yage.

Kawu ya riƙe ciki don dariya. "Ta samu ɗaya! A buga ƙararrawar coci! Sauran huɗun sun kusa birnin Adelaide yanzu."

Noeline ta ce, "Biyar ne, Kawu. Ta ƙofa ɗaya suka bi."

"Da layi, ko? Suna ce wa juna bismilla?"

Amma a bayan takardar kowa akwai wata da inji yake ja a hankali, don a san harsashi nawa suka wuce. Alƙalin gasar, tsoho Vern, ya naɗe su duka ya tafi gida, don shi ba ya ƙirga komai sai a teburinsa da tabaraunsa. Kwana uku Noeline ba ta leƙa gidan waya ba.

Ranar Laraba da rana Kawu ya zo shan shayi, ya zo da sabon ba'a. Yana buɗe baki wayar Noeline ta yi ƙara. Ta ajiye ta a tsakiyar tebur ta ƙara murya.

"Noeline? Vern ne. Huji biyar a takardar baya, a jere. Na ƙirga sau uku, na kira matata ta ƙirga. Kofin bana naki ne, ki zo ranar Asabar. Af, Alby yana kusa?"

"Ga shi nan, biskit ya shaƙe shi."

"To in ya haɗiye, ce masa ya kawo kofin a wanke. Ƙusoshi yake zubawa a ciki, na gani."