Ranar da Kulu Mai Wankan Gawa Ta Je Makarantar Likitoci

Duk macen da ta rasu a ƙauyukan da ke bakin hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure, kafin a aika wa liman an aika wa Kulu. Ita ce mai wankan gawar mata. 'Yar gidan malamai ce, matar marigayi Malam Garzali mai makarantar allo, guntuwar mace mai kaifin harshe. In tana faɗa a tsakar gida ko kaji ba sa gilmawa. Amma da zarar ta shiga ɗakin da aka kwantar da mamaciya, sai ka rantse wata Kulun aka sauya.

Wajen kakarta ta koyi aikin, da ƙa'idojinsa. Ba a yaye wa gawa zane gaba ɗaya, sai gurbin da hannu yake wankewa. Abin da ido ya gani a ɗakin, baki ba ya fita da shi. Sannan akwai ɗabi'ar da ta Kulu ce ita kaɗai: magana take yi da gawa. Ta yi mata sallama, in za ta juya ta ta ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, zan juya ki." Masu zuba mata ruwa tun suna ƙunshe dariya har suka saba. Autarta Habiba ma ta sha riƙe mata buta.

Cikin matan da suka mutu a garin, mace ɗaya ce Kulu ba ta wanke ba, ita ce Maryamu, 'yarta ta fari. Haihuwa ta zo lafiya, jariri ya yi kuka, sai jini ya ɓalle. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Kunyar 'yar fari ba ta bar Kulu ta shiga ɗakin ba, ba ta bar ta ta yi kuka a gaban mutane ba. Ko sunan yarinyar ba ta taɓa faɗa ba tun tana raye, sai dai ta ce "waccan". Abin yana nan a ƙirjinta, kowa ya sani, ba mai tayar mata.

A shekarun da ruwan madatsar Tiga ya mai da rani tamkar damina, ɗanta Sunusi yana fitar da tumatir kwando-kwando, Habiba kuma ta ci jarrabawa aka ɗauke ta a sabuwar makarantar likitoci ta cikin birni. An ce an buɗe ta ne don mutanen ƙasar nan su sami likitocin da za su ji ciwonsu ba sai da tafinta ba. Kulu ta soya waina ta raba wa unguwa. In an taya ta murna sai ta taɓe baki ta ce, "Yo wannan mai tsoron ƙadangaren ce likita?" Alhali ranta fari ƙal.

Datti direban motar tumatir ne ya ɓata shagalin. Ya tsaya shan ruwa a ƙofar gidan, ya ce, "Inna Kulu, kin kuwa san karatun da ake yi a makarantar su Habiba? Gawa suke yankawa. Wallahi mai gadinsu ne ya gaya mini."

Innalillahi! Kulu ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ta ƙare rayuwarta tana rufa wa matattu asiri, 'yar cikinta ce za ta tona? Sunusi ya ba ta baki, ta ce ya rufe mata nasa. Washegari ta yafa mayafi ta haye gaban motar Datti, ta ce da yarinyar za ta dawo, likitancin a kai kasuwa.

Ta tarar da Habiba a ɗakin kwanan ɗalibai, ta rame, ga littattafai jibge kowanne ya kai turmi nauyi. Ko gaisuwarta Kulu ba ta amsa ba.

"Tattara kayanki."

Habiba ta durƙusa. "Inna, zan bi ki. Amma don Allah ki fara zuwa ki gani da idonki. Yau babu darasi, ba kowa a wurin."

"In ga me? Ta'asar da kuke yi?"

Ta dai bi ta, don ta sami abin da za ta yi faɗa a kai da hujja. Wani dattijo, Malam Isiyaku, mai kula da ɗakin gawarwakin, ya tare su, aka ce masa ga uwar Habiba, kuma mai wankan gawa ce. Ya ce doka ba ta ba baƙo shiga ba, sai da ya je ya nemo izinin malamin sashen sannan ya buɗe.

Warin magani ya doki Kulu har idonta ya kawo ruwa. Tebura ne a jere, kowanne da mutum a kwance an lulluɓe shi. Habiba ta nufi na ƙurya. Ta tsaya daga dama, ta sassauta murya ta ce, "Salamu alaikum, baiwar Allah. Yi haƙuri, zan ɗan buɗe cikinki, Innata ce ta zo." Ta gyara zanen fuska, ta gyara na ƙafa, ta ɗage tsakiya daidai faɗin tafin hannu biyu.

Kulu ta daskare. Muryarta ce ta ji a bakin wata.

Malam Isiyaku ya ce daga bakin ƙofa, "Hajiya, tun zuwan 'yarki yaran teburin nan ba mai taɓa matar nan bai ba ta haƙuri ba. Har wanda ko Hausa ba ya ji sosai ya haddace."

"Wace ce ita?" in ji Kulu.

"Allah masani. A asibiti ta cika, aka yi ta cigiya ba wanda ya zo."

Habiba ta ce, "Matso, Inna."

Shekaru Kulu tana wanke jikin ɗan Adam, amma iyakarta fata. Ba ta taɓa tunanin haka cikin yake ba. Ita ta zaci tarkace ne kamar kayan cikin akuya a faranti. Sai ga komai a muhallinsa, an jera, an lulluɓe, ba abin da ya hau kan wani. Habiba ta bi wata babbar jijiya da ɗan ƙarfe tana nuna mata yadda ta rabu biyu, kowacce ta sake rabuwa, kamar yadda ruwa yake barin babbar hanya ya bi ƙanana har ya isa kwamin shukar kowane manomi. Kulu ba ta san bakinta yana ta "Subhanallahi, Subhanallahi" ba. Tsigar jikinta ta tashi. Wanda ya tsara wannan a cikin duhu, inda ba ido zai gani, lalle ya isa a ji tsoronsa.

"Wannan ce mahaifa," in ji Habiba. Wata 'yar aba ce da ba ta fi goruba ba. Sannan ta ɗaga wata siririyar jijiya a gefenta. "Ta nan jini yake zuwa mata. In mace ta haihu mahaifar ta ƙi tsukewa, ta nan yake tsiyaya har ta ƙare. Akwai allurar da ake yi. In ta ƙi, a shiga a ɗaure nan. Shi za su koya mana, Inna, amma sai wanda ya san wurin."

Kulu ta ƙura wa jijiyar ido. Ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ta tuna tabarmin da aka fitar daga wancan ɗakin, da zannuwan da aka kai bakin ruwa aka kasa wanke su.

"Wannan 'yar abar?" ta ce. "Ita ce ta tafi da Maryamu?"

Habiba ta ɗago a razane, don ba ta taɓa jin sunan yayarta a bakin uwarsu ba. Kulu ta bar hawayen suka zubo, ba ta goge ba. Da hannunta ta mai da zanen ta rufe, ta soke gefensa yadda take yi.

A waje ta fyace hanci, harshen ya dawo. "Ke kuma ki riƙa cin abinci, kin zama kamar karan dawa. Kayan naki bar su inda suke." Ta juya ga dattijon. "Malam, in sun gama karatu a kanta, wa zai yi mata sutura?"

Ya ce makaranta tana binne su, ana kiran liman.

"Ban tambaye ka liman ba. Wanka fa?"

Ya ce babu mai yi.

"To a aiko mini."

Da shekarar karatu ta ƙare aka aiko. Kulu ta zo da farin alawayyo da ta ɗinka da hannunta, da garin magarya da turare. Abin da ya rage na matar ba shi da yawa, ba kuma wankan da ta saba ba ne, amma ta bi shi gaɓa-gaɓa, Habiba tana zuba mata ruwa. Ɗaliban teburin suka tsaya a bayan ƙofa cikin fararen rigunansu, ba mai ko tari.

Da ta ɗaure likkafanin, sai ta sunkuya daidai kunnen matar, ta ce, "Sannu da aiki, Malama. Yanzu kya huta."