Ranar da Inna ta faɗi sunana

Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini. Kunya biyu ke nan a kan Inna, ta ɗan fari da ta suruki. Har na fara furfura ban taɓa jin sunana na yanka a bakinta ba. "Kai wancan" take ce mini, in tana cikin fara'a kuma ta yi amfani da laƙabin da kowa ke kira na da shi a Birnin Tsaba.

Wannan laƙabin ne ya so ya ci mini aiki. Shi aka rubuta ranar da aka kai ni firamare, takardun gaba kuwa duk sunan yanka ne. Ina koyarwa a Ƙaura Namoda aka zo tantance ma'aikata, aka ga suna biyu, aka ce ko in kawo takardar rantsuwa daga kotu, ko a sa ni cikin ma'aikatan bogi. Ni da alli ya cinye wa yatsu. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa, don yarana da aikin nan suke ci.

Magatakardan kotu ya ce abin mai sauƙi ne, in kawo mahaifi ko mahaifiya su rantse cewa mutum ɗaya ne. Baba ya rasu. Na je na ɗauko Inna, muka biyo ta Zurmi, tana ta mita a mota cewa an raba ta da sussukar gero. Ban gaya mata abin da za a tambaye ta ba, na rasa ta inda zan fara.

A ofishin, magatakarda ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta ko ta san ni. Ta ce ta sani. Ya ce to ta faɗi sunana.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Mutumin ya dube ni, ya dube ta, ya gane. Ya yi murmushi ya ce shi ma ɗan fari ne, don haka zai karanta sunan, ita ta ce haka ne kawai.

Na sauke ajiyar zuciya, ashe na yi sauri. Inna ta girgiza kai.

"Rantsuwa ta hwa, ɗana," ta ce masa. "Ba ni rantsewa da bakin wani."

Ta juya ta fuskanci bango, kamar mai shan magani mai ɗaci, ta faɗe shi. Cikakke, har da sunan Baba, wanda shi ma ban taɓa ji ta ambata ba. Muryarta ba ta yi rawa ba. Aka ce in sa hannu, na sa.

Ta dangwala yatsa, aka buga hatimi, aikina ya tsira. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Da muka fito na fara yi mata godiya. Ko kallona ba ta yi ba, tana goge tawada a gefen zane.

"Kai wancan," ta ce, "nemo muna mota, gerona na jira."