Jar Akuya da Buhun Baƙo

Ranar da zaman ƙauyenmu Mazanya ya gagare mu saboda 'yan bindiga, abu biyu na fito da su bayan 'ya'yana: jar akuya irin ta Maraɗi, da tsohon kwandon kaba na kakata Hajjo. Maigidana bai fito ba, Allah ya jiƙansa. Firgici ya ƙafar mini da nono tun Sadi, autana, bai isa yaye ba, sai nonon akuyar nan ya zama shi nake zuba masa a kunu. Muka sami ɗaki a Magama, nan bakin boda. Da nonon akuyar ya fara ja baya, cikinta kuma ya taso, maƙwabta suka yi mini barka, suka ce ciki ne, in ta haihu nono zai dawo. Na yarda, don ina so in yarda. A kwanakin jiran nan ne wata tatsuniyar Kaka ta riƙa dawo mini, ina korarta tana dawowa.

Kaka Hajjo ba ta tatsuniya hannu sake. Bayan magariba, an sauke tuwo, sauran karan dawa na ci a murhu, sai ta miƙe ƙafa da faifan kuɓewa a cinya tana yankawa don shanya, ko ta kama ɗinkin fasasshiyar ƙwarya. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, ba mai matsawa. Ni ce mai bakin tambaya, shi ya sa take ce mini Uwar Magana.

A kasuwar Jibiya kuwa kowa ya san ta. Kwando a ka, a ciki ƙwaryar awo, kwalbar man gyaɗa, da tsumman ɗaure gishiri. Tumatir sai lokacin da ya yi arha har ana zubarwa take saye, ta yanka ta shanya kauɗa ta kai mu damina. In mai kaya ya miƙo hannu zai zaro leda, sai ta daka masa tsawa: "Kai ɗan nan, riƙe abarka! Ƙulli-ƙullin nan da kuke yi, awon ya rage, kuɗin leda na ciki, ni in biya kuma in share?" Mu dai kunya ce ke kama mu. Muna ganin yara na tafe da baƙar leda tana ƙara, mu muna bin tsohuwa da kwalba.

Daren da nake tunawa, ta kalle mu ta ce, "To, ga ta nan ta iso, mai kunne shi gyara zama." Muka ce ta shigo mu ji.

Ta ce wani gari ne da ake noman duma, kowace mace da ƙwaryarta, in ta fashe a ɗinke, in ta gaji a jefa bayan gida ƙasa ta cinye. Ran nan sai ga baƙo a kasuwa da buhuna ƙanana, marasa nauyi, ruwa ba ya ratsa su, kuma kyauta yake rabawa. Sharaɗinsa ɗaya: duk abin da aka zuba a buhun, buhun zai lashi kaɗan. Mutane suka yi dariya suka ce lasa ai ba ci ba ce. Aka watsar da ƙore, aka daina shuka duma. Tsohuwa ɗaya ce ta ƙi karɓa, ana ta yi mata ba'a.

Kaka ta ajiye wuƙa ta rage murya. Ta ce sannu a hankali hatsin wata ya koma ba ya kai wata, kowa na zargin mai awo. Buhunan kuma ba sa mutuwa. A binne su, ƙasa ta tofo su. A ƙona su, hayaƙin ya shaƙe jarirai. Iska ta rataye su a ƙaya, suka toshe bakin rijiya, suka kwanta a gona iri ya kasa tsaga ƙasa. Dabbobi kuma suka ji ƙamshin gishiri da mai a jikinsu, suka riƙa haɗiyewa. Awakin garin suka yi tulun ciki, kowa na murna shekarar haihuwa ta zo. Ba wadda ta haihu. Da yunwa ta kai, aka je neman baƙo, aka tarar ya daɗe da tafiya. Tsohuwar nan ce kaɗai rumbunta ya kai damina, don ba abin da ke lasar hatsinta.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "wuta ta ci rabonta, ku tashi."

Na ce, "Kaka, akuyar tsohuwar fa? Ita ta tsira ko?"

Ta ce, "Ke Uwar Magana, mi kike so da akuya? Na ce miki rumbunta ya kai damina."

Na nace. Ta ɗauki kara ta tona toka, ta daɗe tana tonawa. Ba ta ba ni amsa ba, ta ce a kai faifan ɗaki kada raɓa ta taɓa kuɓewa.

Da na girma, halinta na ɗauka kaf, kuma wallahi ya rufa mini asiri. A Magama, lokacin da aka rufe boda, manyan motoci suka yi layi, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, ni da maƙwabtana mata biyu muka riƙa haɗa hannu. Mu sayi gero da wake tiya-tiya mu raba a gida, mai a cika kwalba, daddawa a ganye. Abin da mai sayen ƙulli ke ci a kwana kaɗan, mu yana kai mu kasuwa ta zagayo. Leda ba ta kwana a ɗakina ba, ko ɗaya. Har alfahari nake yi, ina cewa ni ce tsohuwar tatsuniya.

Amma ba ni da dusa, ba ni da harawa, ba ni da gonar da zan yi ciyawa. Dole da safe in kwance akuya ta fita ta nemi abin da za ta ci, kamar awakin kowa. Magama kuwa gari ne na matafiya. Direba ya sha ruwan leda ya yar, fasinja ya ci awara ya yar, a bakin tasha ƙasa ma ba a ganinta sosai.

Lokacin haihuwa ya zo ya wuce. Ƙashin bayan akuyar ya fito, gashinta ya tashi, ta daina tuƙa. Sadi kuma kunu ba nono ya ƙi zama a cikinsa, wuyansa ya yi siriri, kukansa ma ya rage ƙarfi. Kullum sai in dafa cikin akuyar in ce na ji motsi. Ran da ta kasa tashi, na aika aka kira Ɗanjuma, mahaucin unguwarmu, kada ta mutu mushe.

Ya yanka ta, ya farke cikin. Ya ce, "Baiwar Allah, zo ki gani, sai haƙuri." Ba ɗa, ko alamarsa. Dunƙulen leda ne ya cika tumbin, baƙa da fara, sun murɗe da juna sun yi tauri, girman kan yaro. Ya ce yanzu sau da yawa haka suke tararwa. Na zauna a ƙasa da Sadi a bayana na yi kuka irin wanda ban yi ba tun barinmu gida.

Sadi ya rayu, da taimakon Allah da na wata Bafulatana mai tallar nono da ta ji tausayinsa. Amma har yau bai kai tsawon sa'anninsa ba, kuma duk lokacin da na dube shi sai gabana ya faɗi.

Har yanzu da kwandon Kaka nake zuwa kasuwa, na sake masa baki ya fi a ƙirga. Yana rage mini tsadar cefane, wannan gaskiya ne, kuma ba zan ajiye shi ba. Sai dai na daina jin haushin shirun da ta yi mini a bakin murhu. Ta san amsar sarai, ta duba ƙanƙantata ta ga ba zan iya ɗauka ba. Rumbu a cikin gida yake, mai shi na iya tsare shi. Akuya kuwa waje take kiwo, tare da na kowa.

Jiya 'yata Balki, wadda ta gado bakina, ina ba su tatsuniyar nan ita da 'yan'uwanta, sai ta ce, "Inna, akuyar tsohuwar fa?" Na kalli Sadi yana barci a tabarma. Ni ban tona toka ba. Na ce mata, "Ta mutu, Balki. Ledar maƙwabta ta ci."