Takardun Tsohuwar Sama

Har yau in na ji ƙarar keken rubutu, ko a talabijin ne, sai raina ya ɓaci. A gidan da na tashi a unguwar Barbès, can Faransa, wannan ƙarar ce ke tashinmu kowace safiya daga ɗakin da ke samanmu. Wata tsohuwa Bayahudiya ce ke bugawa, marubuciya, da yarensu na Yidish. Ƙauyensu take rubutawa, wanda aka ƙarar da mutanensa a yaƙi, gida gida, kowa da sunansa. Mu dai Tsohuwar Sama muke ce mata. Ranar Juma'a takan miƙo mana burodi mai kitso, Inna ta aika mata da dambu.

Da sanyin wata shekara ya kwantar da ita, ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa Lyon. Kafin ta tafi ta sauko da kwali guda ta damƙa wa Baba. Aikin shekara da shekaru, kuma babu kwafi.

Baba ya ajiye shi a bayan kantinsa. Kawuna kuwa, mutumin da in ya ga guntun takarda mai Larabci a titi sai ya tsuguna ya ɗauka ya sa aljihu, shi ne ya buɗe kwalin nan ranar da jarida ta ƙare masa yana naɗe kofunan shayin da za a aika Maraɗi. Ya duba, ya juya.

"Ba Larabci ba ne," ya ce. "Zo ki kama mini."

Na kama masa. Shekarata tara, kuma na fi shi iya naɗi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Sai bayan kaya sun hau jirgi Baba ya gane. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

"Amana fa, Alhaji! Amanar maƙwabciya!"

"To ai ta sake bugawa mana. Ba ita ta rubuta ba?"

Baba ya ɗauki ragowar, ya ɗauke ni, muka hau jirgin ƙasa. Ya ce wanda hannunsa ya yi, idonsa ya gani. A Lyon tsohuwa ta zauna a bakin gado tana juya shafuka. Ba ta yi faɗa ba, kuma na so a ce ta yi. Ta ce shafukan unguwar bakin kogi ne suka tafi, da na unguwar mahaifiyarta. Ta fara jero sunaye da ka, ta kai na shida ta tsaya. Na bakwai bai zo ba.

Yanzu 'ya'yana kan tambaye ni me ya hana a ɗauki hoton shafukan, su da komai nasu ke cikin waya. Littafin ya fito bayan rasuwarta, na sayi na Faransanci. Daga babi na huɗu sai na bakwai. Kawu ya tsufa a Maraɗi, ana ta yabon tsoron Allahnsa. Ina gaishe shi da Salla, amma ban taɓa shan shayi a gidansa ba.